Farin Ƙyalle a Kwandon Wanki

Ranar Talata da hantsi aka kawo rahoton. Sufeto yana zaune a ofishinsa, ya ture fayil gefe, yana kallon fanka tana juyawa a hankali kamar an tilasta mata. Saje ya ƙwanƙwasa, bai jira izini ba ya shigo.

"Yallaɓai, an yi sata a coci."

"Lasifika ko janareto?"

"Riga."

Sufeto ya ɗago kai. "Riga ɗaya ce ta sa kake haki haka?"

"Sun ce ba irin tamu ba ce. Amma kada ka damu, ɓarauniyar tana bayan kanta tun ɗazu. Mai yi musu wanki ce. Oga shugaban ofis ya ce ranar Juma'a a kai ta kotu."

Shekara ashirin da shida Sufeto ya yi a aikin nan, kuma babu abin da ke hana shi sakewa irin binciken da ya ƙare tun bai sa hula ba. Ya ɗauki hular.

Cocin babu kowa. Rana tana ratsa gilasan tagogi masu launi, ta zube a kan benci ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, har Sufeto ya ga hannunsa ya rine sa'ad da ya wuce. Ƙamshin lubban na ranar Lahadi bai gama fita ba. Fada, limamin cocin, wani matashi mai tabarau, ya kai su ɗakin shiri da ke bayan bagadi, inda firist ke sa tufafin ibada.

Wani dogon kabad ne ya cinye bango guda, durowoyinsa masu faɗi, marasa zurfi. Fada ya riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko kore, kamar an shimfiɗa gona a cikin katako. Ta biyu shunayya. Ta uku jan karammiski wanda idan ka shafa shi sai ya canza fuska. Sai farare masu leshi a ƙasa. Sufeto ya tsaya yana jin kamar ana buɗe masa kwanakin shekara ne a kwance, kowace rana da launinta.

Durowa ta ƙarshe fayau take.

"A nan take," in ji Fada. "Rigar hadaya ce, ta siliki mai launin madara. An yi mata aiki da zaren zinariya, zangarniyar alkama da kuringar inabi, tun daga wuya har ƙasa. Irin yankan dā ce, ba ta da hannu, gaba da baya kawai, kuma tana da tauri. Na yanzu faɗi gare su, suna zubowa har gwiwar hannu. Wannan kuwa in ka tsayar da ita sai ta kusa tsayuwa da kanta."

"Yaya ake ninke ta?"

"Ba a ninke ta. Zaren zinariya karyewa yake. Shimfiɗa ta ake yi, a sa takarda mai laushi sama da ƙasa, a cusa naɗin auduga a kafaɗu."

Sufeto ya zura hannu cikin durowar, ya shafa har lungu. "Ina takardar? Ina audugar?"

Fada ya leƙa. Sai yanzu ya lura su ma babu su.

A saman kabad ɗin wani ƙoƙon azurfa yana zaune, yana ƙyalli, babu wanda ya taɓa shi.

Saje ya gaji da jira. Ya zaro ambulan, ya zazzago wani ɗan farin ƙyalle, tsawonsa bai fi taƙi ba, tsakiyarsa ta yi jirwayen gumi. "Ga shaida, yallaɓai. A kwandon wankinta na same shi."

Fada ya yi bayani. Rigar tana da abokiyar tafiya, sitol, wato dogon ƙyallen da firist ke ratayawa a wuya, ita ma an ɗauke ta. A daidai inda take taɓa ƙeya akan ɗan kama wannan farin lilin da zare, don kada gumi ya ci silikin.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Baba Katikis, da Goggo mai wanki."

Baba Katikis yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, tsoho siriri, rigarsa a goge, makullai a hannu. Shi ne mai koyar da addini a cocin, kuma shi ke kula da ɗakin nan tun Fada bai shiga makaranta ba.

"Baba, me ka gani?"

"Na ga ta fita da ƙunshi jiya da la'asar." Ƙasa yake kallo.

"Ƙunshin me?"

"Ƙunshi dai."

Sufeto ya juya ga Fada. "Akwai wani abu da ya faru da rigar kwanan nan?"

Fada ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Babu. Na sa ta ranar Lahadi, aka mayar da ita."

Da azahar aka fito da Goggo daga sel. Ta haura shekara hamsin, ɗankwalinta ya karkace, ba ta gyara ba. Sufeto ya sa aka kawo mata ruwa. Ta kama kofin da tafin hannu biyu, don yatsunta sun kumbura, gaɓoɓin sun kanannaɗe saboda shekarun sabulu da ruwan sanyi.

"Goggo, kin san rigar?"

"Na san ta kamar yadda na san wata. Ina ganinta daga nesa."

"Ba ke ke wanke ta ba?"

Ta yi wata 'yar dariya. "Ɗana, ruwa ba ya taɓa ta. Farare nawa ne, da ƙyallen bagadi, da tawul. Waccan ko numfashi ba na yi kusa da ita."

"An ga kin fita da ƙunshi ranar Litinin."

"Shekara goma sha tara ina fita da ƙunshi ranar Litinin. Jiya ne aka fara gani."

Saje ya yi tsaki daga bakin ƙofa. Sufeto ya ajiye farin ƙyallen a kan tebur. "Wannan fa?"

"Nawa ne. Wato wankinsa nawa ne. A kwando nake samunsa, in wanke, in goge, in ajiye a kan kabad."

"Wa ke cire shi daga jikin sitol ya jefa miki?"

Goggo ta kalli taga. Wata tantabara ta sauka a kan waya, ta tashi. Sai da ta ɓace sannan Goggo ta ce, "Ban sani ba."

"Shekara goma sha tara?"

"Kwando ba ya gaya mini wanda ya jefa."

Sufeto ya san ƙarya ce, amma ba irin wadda ya saba ji ba. Ƙaryar da ake yi masa a ɗakin nan ta neman hanyar fita ce. Wannan kuwa kamar mutum ne yake jan ƙofa yana rufe kansa.

"Goggo, ranar Juma'a kotu. Kin gane? In alƙali ya ji ƙunshi, ya ga ƙyallen nan, ba zai tambayi abin da na tambaye ki ba."

"Na gane. 'Yata ta zo ɗazu, aka ce mata uwarta ta saci kayan Allah. Ta tsaya a kanta ba ta iya kallona ba." Ta ajiye kofin. "Wannan ya fi kotu."

Ranar Laraba ya nufi shagon telan da ke yi wa cocin ɗinki. Almakashi ake ce masa, gajere mai surutu, tef a wuya, allurai a bakin aljihu. Yadudduka sun sauko daga rufi kamar labule bayan labule, iskar fanka tana kaɗa su, sai mutum ya rasa inda bango yake.

"Rigar zinariya? Yallaɓai, rabona da ita an fi shekara biyar."

Sufeto bai musa ba. Ya miƙa masa farin ƙyallen. "Gaya mini abin da ka gani."

Almakashi ya kai shi bakin ƙofa, ya ɗaga shi ga haske. Nan take bakinsa ya rage gudu. "Ba fizge shi aka yi ba. Ba a kuma sa reza ba. Ka ga ramukan allura? Duk lafiyarsu lau. Kan zaren aka kwance, aka zare shi a hankali, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Mai yin haka ba sauri yake ba."

"Mace mai kumburarrun yatsu za ta iya?"

"Goggo? Ko maɓalli ta tsinke nan take kawo mini."

"To ɓarawo fa? Me zai sa ya tsaya yin wannan?"

"Ɓarawon da ya tsaya cire ƙyallen gumi ya sa a wanki, ai sai a ba shi aiki."

Sufeto ya yi murmushi, idonsa yana kan teburin yanka. Wani sabon yadi mai launin madara yana shimfiɗe, an zana shi da alli, a tsakiyar baya an bar doguwar hanya babu komai.

"Wannan gurbin na mene ne?"

Almakashi ya sosa ƙeya. Ya kalli titi, ya kalli Saje. "Fada ya ce kada in gaya wa kowa."

"Ni ba kowa ba ne."

Sai magana ta zubo. Ranar Lahadi, da Fada ya ɗaga hannu a gaban bagadi, kafaɗar rigar ta tsage. Ranar Litinin da safe aka kira tela ya duba. "Silikin ya mutu, yallaɓai. In ka sa allura sai ya bi ta kamar toka. Na ce abu ɗaya ya rage, a yanke aikin zinariyar a ɗora a sabon yadi. Ragowar kuma a ƙone, a binne tokar, don kayan da aka keɓe wa ibada ba a jefa su a shara. Jiya Talata ya kamata in sa mata almakashi."

"Wa ya ji wannan maganar?"

"Ni da Fada. Sai Baba Katikis, shi ya riƙe mini ita ina aunawa. Bai ce uffan ba." Almakashi ya shafa sabon yadin. "Ni kaina hannuna bai so ba. Da na juya shafinta na ga rubutu da jan zare, ƙanana kamar tururuwa. An rubuta, wa ɗana na fari. Aikin mace ne, kuma ba a shago ta koya ba. Na rantse ta kai shekara biyu a kai."

Ranar Alhamis da safe Sufeto ya sami Fada a ofishinsa. Bai zauna ba.

"Ka ce babu abin da ya sami rigar."

Fada ya sunkuyar da kai. "Kunya na ji. Tsofaffin cocin nan a gabanta aka ɗaura aurensu. In suka ji sabon yaro ya zo ya tsaga ta, kuma zai yanka ta, ban san inda zan sa fuskata ba."

"Wa ke cire farin ƙyallen in ya yi datti?"

Fada ya ɗago kai. "Ka san ban taɓa tambaya ba? Kullum fari nake samunsa."

"A cikin rigar an rubuta, wa ɗana na fari. Ɗan fari na wa?"

"Tsohon Fada. Shi ya yi shekara talatin a nan kafin ni. Mahaifiyarsa ce ta ɗinka masa ita lokacin da aka naɗa shi, daga baya ya ba wa coci kyauta, yana cikin littafin kaya. Yanzu yana gidan jinya na Sistoci. Hankalinsa ya tafi, ba ya gane kowa. Ko ƙaninsa da ke zuwa kullum ba ya gane shi."

"Wane ne ƙanin?"

Fada ya cire tabarau. Wannan karon bai goge ba, riƙe shi kawai ya yi.

Gidan jinyar yana ƙarshen wani layi mai itatuwa. Wata Sista ta nuna musu ɗaki na ƙarshe, ta ce likita ya ba tsohon kwana biyu ko uku. Sufeto ya ce wa Saje ya jira a baranda.

Labule fari ne, hasken la'asar yana tacewa ta cikinsa. Da farko Sufeto bai ga mutum ba, zinariya ya gani. An jingina tsohon da matasai, an sa masa rigar a kan kayan barci, sitol a wuyansa da sabon farin ƙyalle a ƙeya. In ya ja numfashi sai zangarniyoyin alkama su motsa, kamar iska ta bi ta gona. Jikinsa ya ƙare, rigar ce ke riƙe da siffarsa. A kan kujera an ninke takarda mai laushi, naɗin auduga biyu a kanta.

Tsohon yana motsa leɓe. Addu'o'in hadaya yake yi, a jere, babu tuntuɓe, hannuwansa a buɗe a kan bargo. Baba Katikis yana durƙushe a gefen gado yana amsa masa ƙasa-ƙasa.

Sufeto ya cire hula. Bai san dalili ba. Ya tsaya jikin bango har suka kai ƙarshe.

Baba Katikis ya miƙe da ƙyar. Bai yi mamaki ba.

"Ƙyallen ne, ko?"

"Shi ne."

"Sai da na iso nan na tuna. Hannuna ne ya yi, ban aike shi ba. Shekara arba'in ban taɓa ajiye sitol da dattin wuya ba." Ya kalli gadon. "Shekara biyu ke nan yana ce mini likita. Ranar Litinin da na zura masa ita, ya shafa ƙirjinsa, ya dube ni ya ce, Auta, Inna ta gama? Ina ɗan shekara tara lokacin da take ɗinkin. Ni ke zura mata zare, don idonta ya fara rauni."

"Me ya hana ka roƙi Fada?"

"Zai ce kayan coci ne, sai kwamiti ya zauna. Kwamiti sai ƙarshen wata. Almakashi kuwa washegari." Ya gyara wa yayansa bargo. "Na ce kwana uku kawai. In Yaya ya tafi, in mayar da ita, su yanka abinsu."

"Baba, maganar riga tsakaninka ne da Fada, wataƙila ma ya janye ƙara. Ni ba ita ta kawo ni ba. Ka ce ka ga Goggo ta fita da ƙunshi."

"Ban yi ƙarya ba. Ta fita da shi."

"Na sani. Na kwana biyu ina juya wannan. Kowace kalma gaskiya ce, ka sa hannu a ƙasa, babu alƙalin da zai kama ka da ita. Amma ka san abin da ke cikin ƙunshin, ka kuma san abin da Saje zai ji."

Baba Katikis ya juya ya kalli taga. Labulen ya kumbura, ya koma.

"Na sani," ya ce. "Na ce a raina mace ce mai haƙuri, za ta jure kwana uku. Na auna ta da yayana, na ga ya fi nauyi. Ni da nake koya wa yara dokoki goma."

Daga kan gado murya ta fito, siririya. "Auta, wane ne baƙon?"

"Ɗan sanda ne, Yaya."

"Ka ba shi kujera mana." Tsohon ya ɗaga hannu a hankali, zinariyar kafaɗarsa ta kama haske, ya sa wa Sufeto albarka, ya sa wa ƙofa, ya sa wa labule. Sannan ya rufe ido.

A baranda Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza kai.

"Rigar fa, yallaɓai? Shaida ce. Sai mun tafi da ita."

"Rubuta cewa an gano ta, tana hannun Sista, ba za a iya motsa ta ba a yanzu."

"Oga zai tambayi dalili."

"Ka ce masa akwai mutum a ciki."

Baba Katikis ya koma ya gyara wa yayansa wuyan rigar, ya roƙi Sista kada ta bari a ba shi shayi ba tare da tawul a ƙirji ba. Sannan ya shiga bayan mota da kansa.

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka isa caji ofis. Sufeto ya sa hannu a takardar sallama, aka fito da Goggo. Ana miƙa mata takalmanta a kanta aka shigo da Baba Katikis. Suka tsaya fuska da fuska, katako ɗaya a tsakaninsu.

"Goggo," ya ce.

Ta sa takalmi ɗaya, ta sa ɗayan, ba ta yi sauri ba.

"Baba, tun da Saje ya ɗaga ƙyallen nan na san hannun da ya cire shi. Kai ka yi wa mijina addu'a a bakin kabari, shi ya sa na ja bakina. Na ce bari in zauna in ga kwana nawa za ka iya barina a nan."

"Da na zo. Wallahi da na zo."

"Wataƙila. Amma kawo ka aka yi."

Ta gyara ɗankwalinta. A waje 'yarta tana tsaye jikin ƙofa, ta kasa shigowa, ta kasa tafiya. Goggo ta wuce ta gabanta, ta ce, "Taho mu je," yarinyar ta bi ta a baya.

Ɗan sandan kanta ya buɗe littafi, ya nemi Baba Katikis ya cire bel da agogo. Tsohon ya cire, ya ɗora makullan coci a kansu. Saje ya kama shi a gwiwar hannu, a hankali, suka bi dogon barandan zuwa ciki.